Ranar da Na Ciyar da Bafillatani a Bakin Lambatu

Ni dai aji uku na yi a firamare aka sallame ni, wai kaina ya cika. Duk da haka ni unguwarmu ta zaɓa in yi magana da yawunta lokacin da aka tashi buɗe tsohuwar mahauta, kuma har gobe ban yafe wa wanda ya kawo shawarar ba.

Gidanmu yana gefen Fagge, inda in ka yi tari za a ji ka a Sabon Gari. Mahautar tana bayanmu, an rufe ta tun ina da haƙora. Filin gabanta ya zama na yara da ƙwallo, mu tsofaffi kuma muka gaji inuwar darbejiya. Lambatunta kuwa ta gindin tagar ɗakina ya bi. In aka dawo da yanka, jini da tumbi su ne maƙwabtana.

Mai son buɗewar wani Alhaji ne dillalin shanu, Bafillatani. Ni kuwa Babarbare ne, ko da yake rabon gidanmu da Borno tun kakana. Kowa ya san abin da ke tsakaninmu: in na gan shi sai in ce bawana, shi ya ce ya sayi kakana da ƙwaryar nono, a yi dariya a watse.

To shugaban kwamitinmu wani Ibo ne mai sayar da kayan mota, mutumin kirki, Hausarsa ta fi ta jikokina. Amma wannan wasan ya wuce shi. Ya ce, "Baba, kai kaɗai na ga kana zagin Alhajin nan ido da ido. Kai za ka yi mana magana."

Ranar taro na sa babbar riga, na miƙe da fushi na gaskiya. Na ce, "Alhaji, za ka kashe mu da wari!"

Ya ce, "Jama'a, kun ji bawa yana yi wa ubangidansa tsawa."

Wuri ya ɗauki dariya, har mai unguwa yana share hawaye. Ina ƙara zafi, ana ƙara tafi. Ibo ya dube ni kamar na sayar da shi. Kafin sati ya zagayo an fara yankan gwaji.

Da na ga fushina ba ya ciwuwa a kasuwa, sai na koma wa wasan. Na tare shi gaban mutane na ce, "Bawana, gobe da azahar ka zo ka ci abincin gidan iyayen gijinka, in kai namiji ne." Abokin wasa ba ya ƙin irin wannan kira, sai a yi shekara ana yi masa gori.

Na shimfiɗa tabarma daidai bakin lambatu, aka kawo burabusko, abincinmu na gado, da miyar kuka. Jan ruwa na wucewa, ƙudaje sun zo har da surukansu. Ga rana. Bafillatani kuwa ko wuta ce ta kama rigarsa ba zai nuna ba.

Na ce, "Alhaji, ko kana jin wani ɗan wari?"

Ya ce, "Wane wari?" Idonsa na ruwa.

"Madalla. A ƙaro wa baƙo!"

Ya cinye, ya sa albarka, ya miƙe yana tangaɗi. Na ce gobe ma ina jiransa, da jibi, tunda ni nan nake ci kullum.

Bai dawo ba. Shanun ma ba su dawo ba, ya kai yankansa bayan gari. Yara suka koma ƙwallonsu, na buɗe tagata.

Har yanzu in mun haɗu wajen Bata, kusa da kasuwar Sabon Gari, sai ya gaya wa mutane cewa tausayin bawansa ya ji, kuma wai lambatu ba shi da laifi, burabuskon ne ke wari.