Daren da Na Kwana a Jirgin Alagoinhas

Shekaruna sun haura sittin lokacin da na fara shiga jirgin ƙasa, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Ni baduku ne, ina da rumfa a gangaren unguwar Pelourinho, a birnin Bahia, inda nake ɗinkin takalma da gyaran sirdi. Wata Talata da la'asar wani mai fataucin taba ya tsaya a bakin rumfar, ya ce yana da saƙo daga garin Alagoinhas. Wani tsoho ne can ya kwanta ciwo, ƙafafunsa sun kumbura, ya ce a gaya wa Bahaushen nan mai ɗinkin takalma ya zo.

Na san ko wane ne. Jirgin ruwa ɗaya ya kawo mu Bahia muna samari, sarƙa ɗaya a ƙafarmu. Bayan tawayen nan na bayi Musulmi da ya faro daga wani gida a titin Ladeira da Praça, ubangidansa ya ji tsoron ajiye bawa Musulmi a birni, ya sayar da shi can cikin ƙasa. Tun daga nan sau biyu kawai na sa shi a ido. Na kuma san abin da yake nema: wanda zai yi masa wanka da salla idan ya cika. A garin da yake babu wanda ya iya.

A lokacin ana ƙara shimfiɗa layin dogo zuwa arewa, saboda haka akwai jirgin da ke tashi bayan magariba ɗauke da ƙarafa da katako. Sukan haɗa masa tarago biyu na mutane. Na gaba na kwana ne, na injiniyoyi da masu gonakin rake. Da nake wucewa na leƙa ta taga na ga gadaje sama da ƙasa, da fararen zannuwa, da fitila mai gilashi. Na baya namu ne, benci biyu dogaye suna kallon juna.

Mai duba tikiti ya dubi takalmana, ya dubi tsagar fuskata, ya ce in nuna takardar 'yanci. Na ciro ta daga cikin riga. Ta tsufa har ta fara rabuwa a wurin ninki. Ya daɗe yana juya ta kafin ya miƙo mini da yatsu biyu.

Na sami wuri tsakanin wani mai kwandon kaji da wata mata mai ƙunshin busasshen kifi. Ƙunshina yana kan cinya: yadi fari, sabulu, garin rogo, da 'yar buta. Jirgi ya yi kuka, ya fizge mu, muka tashi. Da farko muna bin bakin teku, ana ganin fitilun masunta. Daga baya sai duhu kawai, da hayaƙi. In an buɗe taga tartsatsin wuta ya shigo, in an rufe zafi ya hana numfashi. Bencin ba shi da majingini na kirki, kowace gaɓar dogo sai na ji ta a ƙashin bayana. Takalman da na ɗinka da hannuna suka matse ni, amma ban cire ba. A wannan taragon takalmi ne ke nuna wane ne ɗa, wane ne bawa.

Na yi sallar isha a zaune, ba tare da na motsa kai sosai ba. Da na gama, gwiwata ta soke ni, na ce a fili, "Wash, Allah, na gaji."

Sai na ji an ce daga bencin da ke gabana, "Sannu."

Na ɗaga kai. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta girme ni, ƙafarta ba takalmi, ta ɗaure kai da farin ƙyalle. Tun daga tasha take zaune a wurin, na ɗauka Bayarabiya ce kamar yawancin tsofaffin birni.

Na ce, "Baiwar Allah, kina jin Hausa?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Sannan ta ce a hankali, kamar mai taka ƙaya, "Ina ji. Da ina ji."

Uwargijiyarta tana cikin taragon kwana, za su koma gonarsu. Ita ta yi renon matar, ta kuma yi renon 'ya'yanta. Ta ce rabonta da jin Hausa tun mutuwar wata mai wanki da suka zauna tare, shekaru masu yawa. Maganarta rabi Hausa, rabi Fotugis, in ta rasa kalma sai ta ɗaga hannu tana lalube a iska.

"Malam, itacen nan babba, mai ƙaton ciki, ana miya da ganyensa?"

"Kuka, Yaya."

"Kuka!" Ta yi dariya, ta rufe baki da hannu. "Akwai ɗaya a ƙofar gidanmu."

Na ce mata ni ba malami ba ne, baduku ne. Ba ta daina kira na Malam ba. Ta tambaye ni sunan tsuntsun da ke bin shanu, da sunan abin da ake burga miya da shi. Ta tuna sunan garinsu, a ƙasar Zazzau, amma ta manta sunan ƙanenta. Wannan ta faɗe shi sau uku, ba kuka, kamar mai neman allura a tabarma.

Kowace tasha jirgi ya tsaya, sai ta sauka da kyar, ta bi gefen dogo a duhu zuwa taragon gaba ta ji ko ana bukatar ruwa ko a zubar da fo. Sau ɗaya na riƙe mata hannu ta hawo. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

Wajen tsakar dare muka tsaya a wani daji, aka ce ƙasa ta zubo kan dogo, sai an kwashe. Muka zauna. Sauro ya same mu. Mai kaji ya yi barci a kafaɗata, yana warin giyar rake. A nan ne ta matso ta rage murya.

"Malam, karatun nan na salla, na farko. Ina da rabinsa."

Ta karanta Fatiha har tsakiya, ta tsaya. Na ƙarasa mata. Ta ce in sake. Na sake, tana bi, tana tuntuɓe a wuri ɗaya. Mun yi ta fiye da sau goma. Sannan ta ce, "In na mutu, a coci za su kai ni. Sun yi mini wankan shiga addininsu tun ina yarinya. Allah zai gane ni?"

Ban san abin da malami zai ce ba. Na ce, "Yaya, Shi ya kawo ki nan. Ya san inda ya ajiye ki."

Ta gyaɗa kai. Sai ta shiga ba ni labarin ranar da aka kama su a gona, ita da uwarta. Ina so in ce na saurara har ƙarshe. Ban saurara ba. Tun asuba nake kan aiki, jirgi ya sake tashi yana jijjiga, muryarta tana nisa tana dawowa. Ina jin ta ce sun kai bakin wani kogi, daga nan ban san komai ba.

Da na farka gari ya fara haske, wuyana ya ƙage. Wurinta babu kowa. Mai kifi ta ce sun sauka tasha biyu baya, keken doki ya zo ya ɗauke su. Ta ce tsohuwar ta tsaya a kaina kaɗan, ba ta tashe ni ba. Ban tambayi sunan gonar ba, ban ma tambayi nata sunan ba.

Mun isa Alagoinhas da hantsi. Na tarar da abokina da rai, a wata bukka bayan kasuwa, matarsa 'yar ƙasa tana yi masa fifita. Ya gane ni. Ya ce, "Ka tsufa." Na ce masa shi ma bai yi kyau ba. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Kwana huɗu ya ƙara, sannan ya cika. Na yi masa wanka ni kaɗai, matar tana miƙo mini ruwa ta bayan labule. Na tsaya na sallace shi, babu kowa a bayana. Maƙwabta suka taimaka da haƙa, a gefen maƙabarta inda ba a kafa gicciye.

Na koma a jirgin safe. Da na isa rumfa na tarar da sirdi uku suna jira na, na ajiye su gefe, na kwanta a kan fatu har washegari.