Akwatin Ƙarfen Mahaifiyata

Shekarun baya, ina koyarwa a makarantar ƙauyenmu kusa da Sinja, na sayi firinta a kasuwar Wad Madani. Har da ɗan jihazi, wato na'urar wayfai mai batir, na haɗo, wanda bai kai tafin hannu ba. Na ce da mutanen gida daga yanzu daga waya kawai zan riƙa buga takarda. Sai dai wata biyu firintar tana cikin kwalinta, ni kuwa ina ta cika baki.

Ranar da aka buƙace ta Alhamis ce. Sunan mahaifiyata ya fito cikin masu zuwa Hajji, wana ya turo takardun ta waya da safe, ya ce a buga, ta dangwala hannu, a kai ofis a Sinja kafin a tashi. In aka wuce ranar, sai wata shekara. Hafila kuma, wato bas, ta ƙarshe da ke barin ƙauye kafin azahar ƙarfe sha ɗaya take wucewa.

Na jona firintar a ɗakin baƙi, na danna neman shabaka, wato netwok ɗin wayfai. Ta yi ta juyi, ta ce babu. Na kashe na kunna. Na ɗaga ta sama, na kai ta bakin taga, har hura mata iska na yi ta baya. Wayata kuwa tana shiga intanet lafiya lau, don haka na yanke hukunci cewa mai shago ya cuce ni. Ban lura cewa da datar layina take aiki ba.

Mahaifiyata tana zaune bakin ƙofa, ta riga ta yafa tobinta na fita. Wajen goma da rabi ta dube ni ta ce:

"Ya waladi, ɗana, mi abin ga ka nema ne?"

Na ce, "Shabaka, Inna. Daga ɗan jihazin nan baƙi take fitowa." Sai a lokacin na waiga inda nake ajiye shi. Wayam.

"Wanga da ka ce mai tsada ne? Ai na adana maka shi tun jiya. Ka bar shi yashe kan taga."

A gidanmu in an ce an adana abu, wuri ɗaya ake nufi: akwatin ƙarfen da kakanta ya ɗauko daga yamma da ƙafa, da niyyar Makka. Ya tsaya nan bakin kogi ya yi noma ya tara guzuri, bai ƙara gaba ba har ya rasu. Ta zaro makulli daga wuyanta ta buɗe. Ga jihazin can ƙasa, naɗe cikin farin haramin tsohon, fitilarsa tana ƙyaftawa. Ina fito da shi firintar ta gan shi, ban sake taɓa komai ba; ashe ƙarfen akwatin ne ya tare shabakar.

Takarda huɗu ne. Ta dangwala, muka tarar da hafila ta fara gungurawa, direba yana mita muka shiga.

Kunya na ji a ranar fiye da murna, gaskiya. Awa biyu ina zagin inji, ban tambayi matar da ke zaune kusa da ni ba. Yanzu in abu ya ƙi aiki a gida, sai na fara tambayar wanda ya taɓa shi kafin in ɗauko sukundireba.

Jihazin ya daɗe da mutuwa, firintar ma na bayar. Akwatin yana nan a ɗakinta, amma babu haramin a ciki. Ta sa shi a jakarta da za ta tafi, ta ba wani alhaji ɗan garinmu ya ɗaura. Da ta dawo na tambaye ta ina yake, ta ce, "Halas, shi ke nan, ya isa inda za shi. Mi zan dawo da shi ya yi?"