Mani Mai Rijiya da Littafin 'Yarsa

Shekara talatin Mani ya yi yana haƙar rijiya a ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. In an kira shi aiki sai ya zaga filin da ƙafa, ya dubi inda ɓaure ya tsiro, ya murza ƙasa a tafin hannu, sannan ya ce, "A nan." Bai yi boko ba. Allo ya yi, ya tsaya a izu goma.

Mardiya ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa. In ta zo ta ɗaya a aji aka yi masa barka, sai ya kau da kai ya ce ƙoƙarin malamai ne.

A shekarar da 'yan bindiga suka hana noma, mutanen ƙauyensu, can gaba da Yasore, suka kwaso abin da kai zai iya ɗauka suka shigo Batsari. Mani da matarsa Zinariya da 'ya'ya huɗu suka sami ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwa. Da damina ta yi tsakiya, amai da gudawa ya shiga unguwar. Kwana biyu Mardiya ta yi a kwance, Allah ya yi mata rasuwa. Shekararta sha bakwai, tana aji biyar na sakandare.

Zinariya ta rabar da kayanta sadaka. Abu ɗaya Mani ya zare ya sa a aljihu: littafin rubutu da aka yi wa bango da kwali. Bai iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba. Amma kowane shafi akwai zanen rijiya, da wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa. Nan yana sauka, nan yana fitowa, can yana tsaye a gefe da igiya.

Bayan kaka Malama Safiyyatu ta yi sallama. Ita ke koyar da Turanci a makarantar ƙauyen kafin a rufe ta, yanzu kuma tana tara 'yan ajin Mardiya a wata rumfa a cikin gari. Suka gaisa, ta sake yin ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba Mani, Turanci yana da wasu 'yan ƙananan kalmomi, ba su kai ƙwayar gero ba, amma su ke kayar da yara a jarrabawa. Su ke nuna abu yana ciki ne, ko bisa, ko ƙarƙashi. Wani lokaci su manne wa wata kalmar su sauya mata ma'ana. Shekara biyu muna tara su. Littattafaina duk suna ƙauye, ba mai iya zuwa. Na Mardiya kaɗai ya fito."

Mani ya dafa aljihun da littafin yake.

"Ba na ba da shi, Malama," in ji shi. "Amma zan riƙa kawowa."

Haka aka yi wata huɗu. Aiki ya yi wuya, don ba mai haƙa rijiya a garin da ya watse. Kowace safiya sai ya zauna a ƙarshen benci, ya buɗe littafin a ƙirjinsa, 'yan mata su matso su kwafa. Bai yarda kowa ya taɓa ba.

"Baba, yatsanka ya rufe rabin shafin," in ji Khaula, wadda ta fi su baki.

"To kwafi rabin da kike gani."

"Wannan da kake sauka, climb down ake cewa. Faɗi mu ji."

"Kilan dawun."

"Wallahi Baba ka fi Kamila iyawa!"

Aka tuntsire da dariya, har da Kamilar. Mani bai yi dariya ba, amma ya janye yatsan.

Da bazara ta kama, aka aiko daga Safana ana son rijiya a wata unguwa, aikin mako uku. Dawa ta kai gindin buhu a ɗakinsu. Jarrabawa kuma saura wata guda, littafin da sauran shafi ashirin ba a kwafa ba.

Zinariya na ɗaure masa kaya ta ce, "Malam, da shi za ka, ko bari za ka yi?"

Mani ya zura littafin a aljihu. Ya saɓi diga da igiya, ya bi ta rumfar tun yaran ba su taru ba. Malama Safiyyatu na share ƙasa. Ya buɗe shafin ƙarshe, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba. A nan mutumin ba ya ganuwa, yana can ciki. Yarinya ce zaune a bakin rijiyar da ƙwarya a cinya.

"Me aka rubuta a nan?"

Malama ta duba. "Kalmar jira ce take koyo, wait for. Ta rubuta, ina jiran babana ya fito."

"Fura take kawo mini," in ji Mani. "Kullum sai na ce ta ajiye ta tafi. Ba ta tafiya."

Ya rufe littafin, ya shafe bangon da gefen riga, ya miƙa mata da hannu biyu.

"A riƙa juya shafi daga sama, ƙasan ya yi laushi. Kuma ki rubuta sunan mai shi, kada ya ɓace."

"Akwai sunan, Baba. Ita ta rubuta da kanta."

"Ina?"

Ta nuna masa. Ya ɗora babban yatsa a kan haruffan, ya bi su a hankali daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ya gyara digar a kafaɗa, ya nufi tashar motar Safana.