Mai Hoto da Babban Yatsan Maigidana

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, Mai Hoto ya riga ya kunna injinsa, ƙaton zoben nan da gado ke shigewa ciki da mutum. Ya sauya zanin gado, ya ja ƙafa zuwa bayan gilashi, ya zauna da ƙyar, don gwiwa ta daɗe da gajiya. Haka kullum, har furfura ta cinye kan.

Ni ban yi boko ba, shi ya fahimtar da ni. Ya ce injin zagaya mutum yake yi, yana yanka hotonsa fale-fale kamar albasa, yanka da yawa a juyi guda, sannan ya jera su. In ka ja numfashi ƙirji ya motsa, jeri ya goce, hoto ya fito dishi-dishi.

To maigidana kunne ya tafi, ga shi likita na son hoton ƙirjinsa. Abokan aikin Mai Hoto sun saka shi sun sake sakawa, inji na cewa a riƙe numfashi, tsoho na ta shaƙar abinsa. Likita ya ce hayaƙi kawai yake gani. Har wani ya ce wai taurin kai ne. Kurma fa!

Ranar da muka faɗa hannun Mai Hoto, ya dube ni ya ce, "Yaya, maganar wa yake ji a gida?"

Na ce, "Ko da yana da kunnen, ba ya jin ta kowa."

"To yau zai ji taki."

Ya saka mini rigar dalma mai nauyin tsiya don kare ni daga hasken inji, ya tsayar da ni wajen ƙafafu. In ya ɗaga hannu ta gilashi, in matse babban yatsan tsoho, shi kuma ya ɗauke numfashi. In na saki, ya saki. Muka yi ta gwadawa har ya iya. Hoto ya fito tas, aka ga ƙulli a huhu tun yana ƙarami, aka cire.

Mai Hoto, kai ne ka ga mutum a inda wasu suka ga ɓata lokaci. Na gode, ɗan'uwa. Allah ya hutar da gwiwar nan.

Yanzu ƙarshen wata zai ajiye aiki, mu kuwa an ce mu dawo a sake dubawa bayan ya tafi. Na je ofis in roƙa a koya wa wasu dabarar, an ce in jira. Na gaji da jira. Ku manyan asibiti, ku zaunar da masu gadon kujerarsa su koya kafin ya fita ƙofa. Yatsan yana nan, ni ma ina nan. Wa zai ɗaga mini hannu ta gilashi?