Irmiya Mai Walda Da Hannuwan Taraktata

Kowace safiya, ban da Lahadi, Irmiya yakan buɗe rumfarsa ta walda a Gidan Dahala tun rana ba ta yi zafi ba. Ya share ƙofa, ya jawo wayoyinsa, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Kafin ya yanka ƙarfe sai ya shafa shi da hannu. Ba ya doguwar gaisuwa. Ni ma ba na yi. Shi ya sa muka shirya.

Yanzu zai rufe rumfar. Hasken walda ya cinye masa ido. Na ji wasu suna cewa aikinsa karyewa yake yi. Su nake ba amsa. Ni ne Sodangi, manomi, daga Mabera. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san abin da na gani.

Ina da gona a hanyar Wamakko, gadon mahaifina. Gari ya taso ya kewaye ta, dillalan filaye suna ta zarya. Ƙarfina ya ragu. Abin da ya riƙe mini gonar nan wata tsohuwar ƙaramar tarakta ce. A bayanta akwai hannuwan ƙarfe uku da ke riƙe garma, biyu a ƙasa masu ɗagawa, ɗaya a sama. Wata shekara, gab da damina, na ƙasan biyu suka tsage. An nema a Sakkwato, an aika Kano. Babu irinsu.

Babban ɗana Gazali ya ce, "Baba, wagga aba ta mutu. A ba 'yan gwangwan, a saida gona, ka huta."

Na ce, "Ni nac ce maka na gaji?"

"In ruwa ya sauka ba a yi huɗa ba hwa?"

Na san in gonar ta kwana damina ɗaya ba shuka, 'ya'yana za su rinjaye ni.

Na tafi wurin Irmiya. Bai fara duba taraktar ba, cewa ya yi in kai shi gona. Ya zagaya ta da ƙafa, yana kallon itatuwan gawo.

"Baba Sodangi, za ka sare waɗannan?"

"Gawo? Ubana bai sare ba. Shi ka ba gona taki."

Ya ce, "To."

Ya koma ya samo ƙarfen sifirin na tsohuwar tirela. Ya yanka, ya gasa, ya lanƙwasa, ya huda. Ya ɗaura, ya cire, ya sake ɗaurawa, har hannuwan biyu suka ɗaga garma daidai, babu wanda ya riga wani.

Ranar da muka fara huɗa, garma ta ci karo da saiwar gawo. Ƙas! Ta zube gefe guda. Maƙwabta suka taru. Gazali ya yi dariya ya ce, "Ga ƙirar Gidan Dahala nan! Baba, in kira dillali?"

Na aika aka kira Irmiya. Ya zo a kan mashin ɗinsa, ba gaggawa. Ya duƙa ya tsinci ƙusar da ke haɗa hannu da garma, ta rabu biyu. Hannuwan ko gezau. Ya ciro gwangwanin madara cike da irinta.

"Ita ce ta karye, kuma don haka na sa ta. Gonarka saiwa ce ko'ina. In ƙusa ta ƙi karyewa, bayan tarakta ne zai fashe. Wannan kuwa ban iya gyara shi ba."

Gazali ya ce, "Wato da gangan kay yi aikin banza?"

"Da gangan. Miƙo mini guduma, ɗan Baba."

Ya miƙa. Aka sa sabuwar ƙusa, tarakta ta tashi. Irmiya ya bar mini gwangwanin. Kafin ruwa ya zauna mun gama huɗa. Shekarar nan gero ya yi.

To, masu cewa aikin Irmiya yana karyewa, gaskiya kuka faɗa. Yana karyewa, a inda shi ya ga dama. Ƙusoshin da na karya tun daga ranar ba su ƙirguwa. Hannuwan suna nan. Taraktar tana nan. Gawo ko ɗaya ban sare ba.

Irmiya, kai ne ka duba gonata kafin ka taɓa ƙarfe. Kai ne aka yi wa dariya a gaban jama'a, ba ka canja ƙusarka don a yabe ka ba. Kai da cocinka, ni da masallacina, ba mu taɓa yin gardama a kai ba. Idonka ya tafi a kan aikin mutane irina. Na gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku samarin da ke walda a garin nan, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya nuna muku da hannu. Ku koyi zuwa gona kafin ku kunna inji.

Dillalai kuma, har yau kuna aiko mini da gaisuwa. Na amsa. Mai son gonata ya zo da damina. Zai tarar da ni a kan tarakta, gwangwanin Irmiya a aljihuna.