Jiragen da Maidaji Ya Gani

Duk wanda ya taɓa sari a Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou na China, ya san Maidaji, ko bai san sunansa ba ya san motarsa. Wata farar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da ɗan banɗakin da mai ƙiba ba ya shiga sai da addu'a. Ba tasa ba ce, ta lauban ce, wato maigidansa ɗan China da ke Panyu. Amma shi ke tuƙa ta, a cikinta yake kwana, ban da ita kuma ba shi da inda zai kira gida a duk faɗin Guangzhou.

Mutumin Maraɗi ne. Da ƙuruciyarsa ya zo sarin jakunkuna a Shiling, kasuwa ta juya masa baya, kunya ta hana shi komawa hannu rabbana. Yana cikin gararamba ya lura da wani abu. 'Yan kasuwarmu in sun gama loda kaya, sai su zauna a otal suna kallon silin har ranar tafiya, alhali rabinsu ba su taɓa ganin teku ba. In sun fita wajen gari, ƙananan masaukai su ce musu "meyo", babu ɗaki ga baƙon waje. Abinci kuma ba ka san me aka yanka ba. Maidaji ya kai wa lauban shawara, ta karɓu. Ya riƙa ɗibar mutane zuwa gaɓar teku a Yangjiang, ya dafa musu shinkafa da naman da ya sayo wurin Musulmi, ya nuna musu alƙibla a kan yashi.

Ga baki kuma! Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana nuni: ga gonakin ayaba, ga tafkunan kiwon kifi, ga gadar da in ka hau sai ka ji kanka ya juya. Ya iya sa mutum ya ji kamar ƙasar ta kakansa ce.

Sai ciwon suga ya kama masa ido. Da fari hazo-hazo, daga baya wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suka fara yawo a gabansa kamar ƙudaje. Likita ya ce ya bar tuƙi. Ya bar tuƙi ya je ina? Bai gaya wa kowa ba. Ya koma tafiya a hankali, yana liƙe wa bayan babbar mota. Mutane kuwa, ka san halinsu, suka shiga yabonsa wai dattijo ne mai natsuwa. Shi kaɗai ya san irin tsoron da yake kwana da shi, ya tashi da shi.

A cikin damina ya ɗauki Hajiya Sadiatu, mai sarin takalma daga zangon Kumasi, da ƙanenta Waris. Hajiya Sadiatu ba ta da yawan magana, amma babu abin da ke wuce ta. Ta ga ya kusa gogar ƙarfen ƙofar biyan kuɗin hanya. Ta ga ya lalubi kofin shayi. 

Da suka isa bakin ruwa, Maidaji ya tsaya a inda ya saba tsayawa, ya miƙa hannu.

"Hajiya, ki duba can. Ga jiragen masunta suna dawowa, sun fi a ƙirga."

Ta duba, ta sake dubawa. Ta dubi ƙanenta, shi kuma ya sunkuyar da kai.

"Baba Maidaji," ta ce a hankali, "babu jirgi ko ɗaya."

 Sai a lokacin ya tuna watannin hana kamun kifi ne, jirage duk suna ɗaure a tasha, abin da shi da kansa yake gaya wa baƙi kowace shekara. Ya juya idonsa hagu, jiragen suka bi shi hagu. Ya ɗaga kai, suka hau sama.

"Wallahi na tausaya maka," in ji ta, "amma ina da 'ya'ya a gida. Ba zan koma kana tuƙi ba, kuma ba zan yi shiru ka ɗauki wasu ba."

Bai roƙe ta ba. Da wane baki? Waris ya kira lauban a waya. Lauban bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya ce zai turo direba, ya gode wa Maidaji, sannan ya ce gobe ya kwashe kayansa daga cikin motar.

Suka zauna a kan yashi suna jiran direban. Maidaji ya yi ta laluben wanda zai kira a Maraɗi, ya rasa. Iyaye sun rasu, ƙanne sun san shi ne a matsayin Alhajin China mai yawo da baƙi.  Can ya juya wajen da yake jin motsin Hajiya.

"Hajiya, ruwan wane launi ne yau?"

"Ruwan toka ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Tun a hanya yake ce musu shuɗi ne.