Jajayen Motocin Ɗana

Shekarun baya, a gidan ɗana a Bobigny, can ƙasar Turawa, mu huɗu ne a falo: ni, da shi, da surukata, da wani tsohon Bature ɗan kashe gobara da ya yi ritaya, wanda ya taso daga Lyon. Ni na sa aka kira shi.

Ɗana, magidanci mai furfura a gemu, yana tara ƙananan motocin kashe gobara irin na dauri, ba su wuce tafin hannu ba. Na ce abin kunya ne, ko ya sayar ko in koma Maradi. Bai musa ba. Bai taɓa musa mini ba. Baturen nan shi ne zai saye su.

Baturen ya ɗauki guda ɗaya kamar ƙwai, yana magana, surukata na fassara. Wai a da dawakai ke jan famfon kashe gobara, sai irin wannan ta zo. Ba ta da rufi, mazaje na zaune a gefe, tsanin katako a bisa, ƙararrawa kuma da hannu ake kaɗa ta. Ya taɓa ta da farce, ta ce ƙil.

Sai na ga falon ya yi nisa. Na ga ranar da ɗakinmu ya ƙone, mata na miƙa bokitai, ɗana yana ɗan shekara shida ya tafi bakin titi ya tsaya, wai jar mota tana zuwa. Har toka ta huce ba ta zo ba. Ni kuwa dukansa na yi, don bai ɗauki ruwa ba.

Surukata ta raɗa mini, "Inna, kwanukan jerenki da kika sa aka yo dakonsu daga gida, yaushe aka taɓa cin tuwo a ciki?"

"Ke, kama bakinki."

Na dubi ɗana. Yana naɗe motocin a jarida, bai ɗago ba. Na ce, "Gaya wa baƙon nan ya ci abinci ya koma. An fasa."

Baturen ya yi dariya, ya ci shinkafa har da ƙari. Ban ba ɗana haƙuri ba, bakina bai iya ba. Har yau abin na tsaya mini a rai.

Da gari ya waye na kwashe kwanukana daga kabad mai gilashi, na goge motocin da gefen zanena, na jera su, manya a ƙasa, ƙanana a bisa. Mai ƙararrawar na sa ta gaba, tana fuskantar titi.